Ɗorawa da Bedi a Hanyar Funtuwa Zuwa Malumfashi

Hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi ba ta da tsawon da zai gajiyar da matafiyi. Amma wanda ya bi ta a ƙarshen watan Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da hunturu ya ja jiki bazara ta fara huci, zai ga ƙasar ba lulluɓi. An girbe masara da dawa, an cire auduga, an kwashe kara, dabbobi sun lashe abin da ya saura. Itatuwa kaɗai suka rage a tsaye, biyu daga cikinsu kuwa su suka fi ɗaukar idona duk sa'ad da na bi wannan hanya: ɗorawa a tsakiyar gonaki, da bedi a bakin titi da ƙofofin gidaje. Bedi shi ne abin da Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma su ce dogon yaro ko maina.

A wannan lokaci ne ɗorawa ke cin kwalliyarta. Takan kaɗe ganye na ɗan lokaci, sa'an nan ta fito da jajayen furanni masu reto a dogon tsinke, kamar tuntun jar dara. Da dare jemagu ke zuwa shan zaƙinsu, su ne ma kan gaba wajen yi mata barbara. Da asuba kuma ƙudan zuma ya karɓa, shi ya sa ake yawan ganin amya a rassanta. Kwalliyar ba ta wuce 'yan makonni. Kafin ruwa ya sauka furen ya zama dogayen 'ya'ya, mata da yara sun fito da ƙugiya. Garin nan ɗorawa mai zaƙi, wanda har launi ya ari sunansa, yakan riƙe cikin yaro a watannin da rumbu ya fara sauka. Ƙwayar, wato kalwa, ita ake dafawa a surfa a rufe har ta ruɓa ta zama daddawa. Ɓawon ma ba a zubar da shi: makuba ke nan, wadda ake jiƙawa a yi daɓe ko a shafe katanga don ta jure ruwa. Turawa sun raɗa wa wannan bishiya sunan kimiyya daga sunan Mungo Park, matafiyin da ya rasu a Bussa a 1806, alhali ta riga shi zama a ƙasar nan da ƙarnuka.

Bedi kuwa baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya da maƙwabtanta, kuma a zamanin Turawa aka shigo da shi, inda aka fara dasa shi a lardin Borno wajen 1928. Bai cika shekara ɗari a cikinmu ba, amma yau babu makarantar firamare, asibiti, tasha ko maƙabarta a wannan yanki da ba ya tsaye a cikinta. Dalili a fili yake. Yana da saurin girma, cikin 'yan shekaru ya ba da inuwa. Ba ya jin tsoron fari, ɗacinsa na rage masa ɓarnar awaki, gara ba ta cika damun itacensa ba, kuma ganyensa shar yake ko da rana ta ƙone komai. A kasuwar Bakori ko a tashar Malumfashi, idan azahar ta yi, a gindinsa mai shayi da mai faci da mai jiran mota ke fakewa. Ana sa ganyensa a rumbu don korar ƙwari, ana tatsar mai daga 'ya'yansa, ana sassabe shi a yi rufi ya sake tohowa.

Ga mai fili a bayan gida ko mai ɗan lambu da ke tunanin wadda zai dasa, ga yadda na auna su. Bedi na mai gaggawa ne da mai ƙaramin wuri, muddin an nisanta shi da katanga da rijiya, domin saiwarsa na da yawo. Sai dai maƙwabci ne mai rowa: abin da aka shuka a ƙarƙashinsa ba ya yin kirki, tsuntsaye da jemagu kuma na watsa irinsa har ya tsiro inda ba a gayyace shi ba. Ɗorawa na son sarari da haƙuri. Kalwa na da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an ɗan kankare ta kafin ta tsiro da wuri. Dashen na buƙatar shinge, don akuya na son sa. Takan kai shekara takwas zuwa goma kafin ta fara haihuwa, cikakkiyar haihuwa kuwa sai bayan haka da nisa. Ita ma inuwarta na rage amfanin gona, shi ya sa manoma ke rage mata rassa. Bambancin shi ne tana biyan diyyar filin da ta ci, shekara bayan shekara, har jikoki. A al'adarmu ma ana gadonta, wani lokaci gona ta zama ta wani, ɗorawar cikinta ta dangi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarun itatuwan. Bedin da ke bakin hanya akwai yaro akwai babba, akwai wanda aka dasa bara. Ɗorawar da ke cikin gonaki kusan duk tsofaffi ne, da wuya ido ya faɗa kan matashiya. Noman yankin ya sauya. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya tare da irinsa a Gusau da Gombe, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma taimaka wajen mayar da wannan yanki rumbun hatsi, kamar yadda kasuwar Ɗandume ke shaidawa. Amma masara ba ta son inuwa, garmar shanu da tarakta ba sa bambance tsiron ɗorawa da ciyawa, an kuma rage barin gona ta huta, alhali a saura ne ƙananan itatuwa ke samun tashi. A gefe guda tsadar gas da kananzir ta sa gatari ya ƙara kaifi. A kicin kuwa dunƙulen Maggi da daddawar waken suya sun rage wa kalwa kasuwa, duk da cewa mai miyar kuka ta san ba ɗaya ba ne.

Asarar ta fi faɗawa kan mata. Tsohuwar da ke kai daddawa kasuwar ƙauye ba ta da gona, ba ta da jari, bishiyar ce jarinta. Ranar da aka kayar da ita aka ɗaure itacen a bayan mota, kuɗin da mai gona ya karɓa ba zai kai kaka ba, sana'ar gidan kuwa ta tafi ke nan.

Ba na kiran a sare bedi; garuruwanmu ba za su zaunu ba in babu shi. Ina roƙon wuraren renon itatuwa na gwamnati da na 'yan kasuwa su riƙa ajiye dashen ɗorawa kusa da na bedi da turare. Makarantu masu faɗin fili, daga Ƙafur zuwa Ɗanja, su ware kusurwa guda su danƙa wa ɗalibai renonta. Hakimai da dagatai su sa baki kan sare mai haihuwa. Manomi kuma, in ya ga tsiro a kan iyakar gonarsa, ya kafa masa ƙaya ya kauce masa da garma. Damina na tafe, kalwa kuwa tana nan a kasuwa, mudu guda ya ishi unguwa.