Ƙwallon da Kawu Ya Ji Tsoron Bugawa

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da wasan golf, wasan da ko suna ba mu gama raɗa masa ba? A gidajen rediyo a kan ce da shi ƙwallon lambu, ko da ya ke filin da na sani ba ya kama da lambu sai da damina. To, a yi mini haƙuri. Sa'ad da na ke sakandare, hutu uku na yi ina ɗaukar wa masu wasan jakar sandunansu, watau aikin da a ke kira kadi, da kuɗin nan kuwa na sayi littattafaina. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, malamin makaranta ne, ya yi ritaya. Likita ya gaya masa jininsa ya hau, lalle ne ya riƙa tafiya a ƙasa. Kawu kuwa ya ce shi ba zai yi ta zagaya unguwa ba gaira ba dalili, mutane su zaci bashi ya ke bi. Sai wani abokinsa ya ba shi tsofaffin sanduna, ya kai shi fili. Wanda ya zaga ramuka 18 ya yi tafiyar kilomita shida ko fiye bai sani ba. Duk gida muka yi murna.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen ƙwallo. Abokin nan nasa Titleist Pro V1 ya ke bugawa, irin wanda ya fito a shekarar 2000, wanda manyan gwanayen duniya da yawa ke wasa da shi. A Amurka dozin ɗinsa ya haura dala 50. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira, sa'an nan ya auna da fanshon malamin makaranta. Na ce, "Kawu, da ka fara da masu sauƙin kuɗi." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai yaro, araha ba ta ado." Ya sayi ƙaramin kwali mai guda uku.

Ni na ɗauki jakarsa ran farko. Tun a rami na biyu ƙwallo ɗaya ya karkace dama, ya faɗa sarƙaƙiya. A dokar wasan, tun 2019, minti uku a ke ba mutum ya nemi ƙwallonsa, in bai gani ba a ƙara masa bugu ɗaya, ya koma inda ya buga ya sake. Mu kuwa mun fi minti ashirin muna tona ƙaya, na bayanmu suna ta wuce mu suna yi wa Kawu sannu. Na biyu ya faɗa kwari mai ruwa. Da ya rage saura ɗaya, sai na ga abin da har yau ke ba ni tausayi. Dattijon da ya shekara talatin yana tsawata wa aji ya tsaya kan ɗan abin da bai kai ƙwan kaza ba, hannunsa na rawa. Ya daina bugu, sai dai ya ɗan zungure shi, ya bi shi da ido kamar mai kiwon akuya ɗaya. Mako na gaba ya ce gwiwarsa na ciwo. Na bayansa ma haka.

Matarsa, wadda mu ke kira Inna, ita ta aika aka kira ni. Ta ce, "Gwiwar Kawunka lafiyarta ƙalau. Ka san yadda za ka yi ya koma."

To, ga gaskiyar maganar. Kowane ƙwallon da doka ta yarda da shi, mai tsada da mai araha, nauyinsa ba ya wuce giram 45.93, faɗinsa kuma ba ya kasa milimita 42.67. Bambancin yana ciki da kuma ɓawo. Mai tsada hawa uku ne ko fiye, ɓawonsa mai taushi, an yi shi domin gwani ya sa shi ya yi ta juyawa a iska, ya sauka kan lallausar ciyawa kusa da rami ya tsaya cak. Mai araha hawa biyu ne kurum, watau dunƙulen roba a ciki da ɓawo mai tauri da a ke kira Surlyn. Ba ya juyawa sosai a gajeren bugu, amma yana da jure wahala, kuɗinsa kuma sau da yawa ba ya kai rabin na wancan. Irin juyawar nan kuwa sai hannun da ya ƙware ke iya fitar da ita. Ga ɗan koyo daidai ta ke da a ba makaho madubi. Har ila yau, a filinmu wurin da ke kewaye da rami yashi ne da aka cuɗa da mai, sauran filin kuma da rani ya kan bushe ya yi tauri, ga tsakuwa. Ɓawo mai taushi ba ya daɗewa bai ƙuje ba.

Amma ta yaya ɗa zai dubi kawunsa ya ce, hannunka bai kai ƙwallon nan ba? Na kwana biyu ina juya maganar. Daga baya na ɗora wa ƙasa laifin. Na ce, "Kawu, don ciyawar Ingila aka yi shi, ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba." Na ƙara masa da labari, da ya ke shi mai son tarihi ne. Na gaya masa a Sikotilan da can fata a ke ɗinkewa a cusa mata gashin tsuntsu, har zuwa 1848 da aka soma yin ƙwallo da daskararren ƙaron wani itace na wajen Malaya. Masu wasa suka lura wanda ya sha bugu ya yi tabo ya fi sabo sumul tafiya, daga nan aka samo zanzanar nan ta jikin ƙwallo, wadda yawanci ta kan kai 300 zuwa 500. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Watau tsohon ƙwallo za ka saya mini." Ya gane sarai, ya dai rufa mini asiri ne.

Na tafi wurin yaran da na bari a aikin kadi, waɗanda ke tsintar ɓatattun ƙwallaye su wanke su sayar. Zaɓen na da 'yar dabara. Ka bi jikinsa da farce, in akwai yanka ko tsaga ka ajiye, ƙujewa kaɗan ba ta hana ɗan koyo kome. Ka sake shi daga daidai kafaɗa kan siminti tare da wanda ka amince da shi, ka ga ko za su yi tsalle daidai, ka kuma saurari ƙararsu. Wanda ya dafe don daɗewa cikin ruwa ka bar shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai sabon fenti yana ta ƙyalli, domin ba ka san abin da fentin ya rufe ba. In da hali kuma ka tara iri ɗaya, don hannu ya saba. Na samo masa goma sha biyar masu hawa biyu, a kan abin da bai kai kuɗin ukun nan nasa ba. Inna ta ɗiga wa kowanne jan farce don shaida.

Ran Asabar muka koma. A rami na biyu, ga sarƙaƙiyar nan, Kawu ya saki hannu ya kwaɗa, ƙwallo kuwa ya nufi inda ɗan'uwansa ya kwana. Na ajiye jaka zan bi, ya ce, "Ƙyale shi, miƙo wani." Ran nan huɗu muka zubar, amma ya gama ramuka 18 a karo na farko, ya dawo gida ya ci tuwo malmala biyu.

Pro V1 ɗin nan da ya rage yana cikin kabad ɗin Inna, tsakanin tangaran. Da na koma wurin yaran bayan wata guda don in ƙaro, uku daga cikin waɗanda suka zube mini a ƙasa na ɗauke da ɗigon jan farce. Na ce ai namu ne. Babbansu ya ce shi a ƙaya ya same su, ya nuna mini hannunsa. Na biya.