Yawon Ƙafa a Karkarar Ɗanbatta, Daga Burtali Zuwa Layin Dogo

Wanda ya san Ɗanbatta ta tagar mota, a hanyarsa daga Kano zuwa Kazaure da Daura, tasha da kasuwa kawai ya sani. Ƙasar kanta sai an sauka an taka ta. Mun fita bayan sallar asuba a farkon hunturu, lokacin an gama kawar da gero da dawa. Jagoranmu wani dattijon manomi ne da kowa ke ce wa Baba, sharaɗinsa kuwa guda ɗaya: a bi bayansa, kada wanda ya ratsa gonar da ba a roro wakenta ba.

Nan babu daji. Gona ce jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko bini-da-zugu, kuma ba ka tafiya mai nisa ba ka ci karo da wata unguwa da rumbunanta ba. Itatuwan ma duk masu iyayengiji ne. Kuka ta miya ce, ɗorawa ta daddawa, tsamiya ta kunu. Gawo ne ya fi burge ni, domin shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, sai rani ya yi ya fito da sabo, dabbobi su taru a inuwarsa su bar wa mai gona taki. Jakai ɗauke da mangalar taki suka yi ta wuce mu. Abin da ya riƙe ƙasar nan ke nan, shekara da shekaru ana nomanta ba hutu, ba ta gaza ba.

Burtali muka bi, hanyar shanu, wadda a wasu wuraren garma ta ci gefenta har da ƙyar garke zai wuce. Muna cikinsa sai ga wani dogon tudun jar ƙasa ya tare gaba, ya miƙe sambal kudu da arewa. Aikin layin dogo ne na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa. Ɗanbatta na cikin tashoshinsa, daga nan sai Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya.

Abin lura shi ne, tsohon layin dogo bai taɓa ratsa nan ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshensa da ya kai Nguru a 1930 kuwa ta Ringim ya bi. Amma gonakin nan na cikin waɗanda suka ciyar da shi: a bayan jakai da raƙuma aka riƙa kai gyaɗa Kano, daga baya a manyan motoci, aka tara dalar gyaɗar da ake ta alfahari da ita. Manomin Ɗanbatta ya yi wa jirgi dako fiye da rabin ƙarni bai ji kukansa daga gonarsa ba. Yanzu ga shi ya zo har gida, ya raba wata gonar biyu. Ni dai a ganina alherinsa zai dogara ne kan mashigai. In aka wadata makiyayi da mai amalanke da wuraren tsallakawa, za a zauna lafiya da shi. In aka bar su suna dogon zagaye, to an sayi rigima.

Daga nan mota ta ƙarasa da mu arewa, inda ƙasa ke fara tudu, duwatsun Kazaure suka bayyana cikin hazo. A wannan yanki ne Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Ɗanbatta dai ta zauna a hannun Kano, mazaunin Sarkin Bai na Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Hawan duwatsun ba shi da wuya, amma tsakuwar na zame ƙafa, silifa ba nasa ba ne.

Mai sha'awar wannan tafiya ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu, kafin zafin bazara. Ya fara gaida mai unguwa, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya riƙe ruwansa, kuma ya yi nesa da inda motocin aiki ke kai-komo. In da hali ya kwana ya wayi gari Lahadi, ranar da kasuwar Ɗanbatta ke ci.