Ɗan baduku da makarantar cikin salula

Koyar da zane ga yaron da ke zaune gabanka ba wuya. Kana ganin hannunsa, yana ganin naka. In ya karkace, ka kama yatsunsa ka miƙe masa layi. In ya gaji, ka aike shi ɗibar ruwa, ya dawo da sabon ido. Haka dukawa suka koya wa ƴaƴansu tun kaka da kakanni. Amma koyar da wanda ba ka gani, wanda ke wani gari, wanda zai kalli darasin da tsakar dare kai kana barci, wannan aiki ne daban. Shi ne aikin da wani saurayi ɗan baduku ya ɗaukar wa kansa a Damagaram.

Ubansa yana da rumfa kusa da Kasuwar Dole. Yana ɗinka jaka da kube da tumtum da rufin laya, yana yi musu ado da ja da baƙi da tsanwa. Fatar jar akuyar Maraɗi ya fi so, don ta fi laushi, ta fi kuma karɓar rini. Da can baƙi masu yawon buɗe ido sukan zo kallon gidajen Birni masu zane a bango, su biyo ta rumfar su yi sayayya. Daga baya suka ɗauke ƙafa. Takalmin roba da jakar leda suka cika kasuwa. Wata rana a wuni ba a sayar da ko kube ɗaya ba. Saurayin ya yi lakol, yana da salula, hannunsa kuwa ya fi na dukan ƴan uwansa iya zane. Sai ya yi tunanin in masu saye ba su zo ba, watakila akwai masu son koyo.

Bai fara da ɗaukar hoto ba. Da kaye ya fara, irin na ƴan makaranta, mai shafi 100. Kwana da kwanaki yana rubutu yana sokewa. Abin da ya ba shi wuya shi ne hannunsa ya san aikin, bakinsa bai sani ba. Ku dubi dagi, zanen nan mai sarƙaƙiya da ake gani a bangon gidaje da gaban riguna. Tun yana shekara 9 yake zana shi, ko ido rufe. Amma da ya tambayi kansa daga ina ake farawa, sai ya rasa amsa. Dole ya zana shi sannu sannu, yana tsayawa, yana ƙirga. A nan ya gane hannun nasa yakan fara aza ɗigo a zuci kafin ya ja layi, kuma layin in ya bi ta saman wani, to a mahaɗa ta gaba ta ƙasa zai bi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, har ya komo inda ya fito. Abin da ubansa bai taɓa faɗa masa da baki ba ke nan, don shi ma ba a faɗa masa ba.

Daga nan ya jera darussa. Na farko layi miƙaƙƙe kawai, ba tare da abin awo ba. Na biyu da'ira, da murfin kwalba ko da zare. Sai haƙoran gefe, sai dagi ƙarami, sai babba. Fata ba ta shigo ba sai a darasi na 8, gama fata tana da tsada, takarda kuwa ko ta buhun siminti ta isa. Ya kafa wa kansa doka: darasi ɗaya, abu ɗaya, kuma kada ya wuce minti 7.

Akwai wani mutumin Amurka da ya riƙa kallo a YouTube, ko da yake ba ya jin Ingilishi. Sunansa Bob Ross. Ya yi shekara 20 yana sojan sama kafin ya koma zane da fenti. Daga 1983 zuwa 1994 ya yi shiri 403 a talabijin, yawancinsu a wani ƙaramin gidan tele na garin Mansi, jihar Indiyana. Cikin ƙasa da rabin awa yakan zana duwatsu da itatuwa da tabki, yana magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Mai kallo sai ya zaci nan take hoton ke fito masa daga ka. Ba haka ba ne. Kusan kowane hoto sau 3 yake yin sa: ɗaya kafin shiri, a ajiye shi gefe inda mai kallo ba ya gani, yana satar dubansa, ɗaya gaban na'urar ɗaukar hoto, ɗaya daga baya, a tsanake, don littafi. Saboda wannan shirin ne yake iya ɗaukar darasi 13 cikin kwana 2 ko 3. Gidan tele ba ya biyan sa. Kuɗinsa daga fenti da buroshi da littattafai da azuzuwan koyarwa suke fitowa. Har gashin nan nasa mai tudu ya zama tambarin kayan, ya gaji da shi, amma ba halin askewa. Ya rasu a 1995. A 2015 aka jera shirye-shiryensa a dandalin Twitch, mutum fiye da miliyan 5 suka kalla.

Ɗan baduku ya ɗauki dabarar nan ta zane 3. Na farko yakan jingina shi a bango, daidai idonsa.

Wurin ɗauka shi ne zauren gidansu. Ya jera tubali gefe biyu na tebur, ya gitta sanda a kai, ya ɗaure salular da robar taya, idonta yana kallon ƙasa. Ta haka mai koyo yana ganin takardar kamar shi ne ke zaune, ba a juye ba. Fitila ba ya bukata. Hasken ƙofar zaure ya isa, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe. Amma sai ya zauna ƙofar tana hagunsa, gama da dama yake zane. In hasken ya fito ta dama, inuwar hannu ta rufe bakin alƙalami, wurin da ake son a gani ke nan. Farar takarda ma tana ruɗin salula: ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, hannun mai zane ya koma baƙi ƙirin. Takardar siminti mai ruwan ƙasa ta gyara wannan. Kafin ya fara yakan danna fuskar salular ya riƙe, don idonta ya tsaya a kan takarda, kada ya riƙa bin hannu duk lokacin da ya gitta. Yakan kuma rufe hanyar kira. Kira ɗaya na aboki yana iya ɓata aikin safiya.

Ƙanwarsa ce mai tsaro. Tana tsaye kan turmi tana leƙen salular daga sama.

— Yaya, hannunka ya fita.
— Yanzu fa?
— Ya shigo. Amma kanka ya rufe rabin takarda.

Hoto ya fi murya sauƙi. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Safiyar Damagaram kuwa ba ta yin shiru: injin niƙa, kabu-kabu, zakara, mai tallan ƙosai. Saboda haka ya raba aikin biyu. Da safe hannu kawai, baki rufe. Da dare, bayan lisha, ya shiga ɗakin ƙasa, ya rataya bargo a ƙofa, ya kunna hoton, ya yi magana a kai. Da Hausa yake yi. Wasu suka ce ya yi da Faransanci don ya sami mutane da yawa. Ya ƙi, kuma yana da gaskiya, don masu koyar da zane da Faransanci sun cika intanet, masu yi da Hausa kuwa ba su da yawa.

Zafi da wuta sun ba shi wahala. A watan Afrilu zafi yakan wuce awo 40, salula ta yi ɗumi ta tsaya da kanta. A Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ya yi sati biyu bai ɗauki kome ba, sai da ya sayi ƙaramin allon sola. Nauyin bidiyo ma abin lura ne. Minti ɗaya yana iya cin mega fiye da 100, almajiransa kuwa da kuɗinsu suke sayen mega, a inda rezo ke zuwa yana tafiya. Dole ya rage nauyin kowane darasi kafin ya aika.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar a gida take. Ran da tsohon ya ji ɗansa yana nuna wa duniya yadda ake dagi, ya kira shi rumfa.

— Kai yaro, abin da ubana ya hana wa ɗan maƙwabci, shi kake rabawa a waya?
— Baba, ba mai saye. In na koyar, ana biya.
— Yau su biya ka, gobe su buɗe rumfa gabanmu. Da me ƙannenka za su ci?

Kada a yi saurin ganin laifin tsohon. A wurinsa sana'a gado ce, kamar gona. Yadda ake jeme fata da bagaruwa, yadda ake fitar da ja daga karan dafi, yadda ake haɗa kuloko da kashin maƙera ya ba da baƙin da ba ya kodewa, kowane gida yana da nasa awo, kuma awon nan shi ya ciyar da su shekara da shekaru. Ba rowa ba ce. Tsoro ne.

Wani tsohon mushe, abokin uban, shi ya shiga tsakani. Ya ba su labarin makarantar talabijin ta Nijar. A 1964 aka fara ta a Yamai, da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a ɗakin ɗaukar hoto, gajere, kamar kwatan awa, yara su kalla a aji. Aka kai akwatunan tele azuzuwa wajen 20 na kewayen Yamai, daga baya har aka sa wa wasu allon hasken rana, don ƙauyukan ba lantarki. Amma a kowane aji sai da aka ajiye mutum. In akwati ya yi shiru, shi ke sa yara su maimaita, shi ke duba allunansu. Mushe ya ce akwati yana nunawa, ba ya gyarawa. Wanda ya kalli dagi sau 100 bai zama baduku ba.

Maganar nan ba ta kwantar da hankalin tsohon duka ba, amma ta buɗe wa saurayin ido a kan kuɗi. Da ya zaci bidiyo zai sayar. Bidiyo kuwa ba shi da ƙofa: mutum ɗaya ya saya, ya tura wa 10. Kuɗin talla na YouTube ma ba abin dogaro ba ne ga mai farawa. A 2018 kamfanin ya ce sai mai shiri ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara ɗaya, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba. Sai ya sake shiri. Darussa 5 na farko ya sake su kyauta a Facebook da YouTube. Mai son ci gaba ya biya jika 2 a wata, ya shiga ƙungiyar WhatsApp. A can kowa yakan aiko hoton abin da ya zana, malamin ya duba, ya mayar da amsa da murya: layinka na uku ya bi ta sama sau biyu, koma ka gyara. Wannan amsar ba a iya tura ta ga wani, don ta mutum ɗaya ce da zanensa. Ita ake biya. Ya kuma bi sawun mutumin Amurka, ya fara ɗaure ƙunshi: guntun fata, basilla, zare, rini kala 2. Ana sa wa a motar fasinja zuwa Maraɗi da Tawa da Yamai. Fatar daga rumfar uban take fitowa, kuɗinta kuma hannunsa yake shiga.

A kan kuloko tsohon bai sauka ba. Ya ce a sayar da shi a kwalba, kada a nuna haɗinsa. Ɗan ya yarda. A cikin kayen akwai shafi ɗaya da aka rubuta wa suna aka bar shi fari.

Almajiran ba su kai yawan da ya yi fata ba. Wasu sukan biya wata ɗaya su ɓace. Wasu sukan kalla ba su zana ba. Waɗanda suka tsaya, abin mamaki, yawancinsu mata ne: masu ƙunshin lalle, da masu ɗinkin hula, da wata tela da ke son sabon ado a wuyan riga. Ba rumfar dukanci suke son buɗewa ba. Layin suke so. Wannan ya sa ya ƙara darussa 3 da ba su cikin shirinsa na farko, a kan yadda ake rage dagi ya shiga tafin hannu, da yadda ake jera shi a gefen zane ba tare da na ƙarshe ya yanke ba.

Darasi na 14 shi ne feɗe fata, wato rage mata kauri a gefe da wuƙa kafin a naɗe. A nan hannun saurayin bai kai na ubansa ba, ya kuma sani. Ya roƙe shi sau 3. A ƙarshe tsohon ya zo zaure da wuƙarsa da dutsen wasi, bisa sharaɗi biyu: kada fuskarsa ta fito, kada kuma a sa shi magana. Ya gama cikin minti 2. Ƙanwar ta ce:

— Baba, ka yi sauri da yawa, ba a ga kome ba.

Ya dube ta, ya ɗauki wani guntun fata, ya sake. Sau 4 aka ɗauka. Da dare ɗan ya rage gudun hoton da rabi, ya zauna zai aza murya, sai ya ga babban yatsan tsohon yana tafiya gaban wuƙa, yana jin kaurin fata kafin kaifi ya iso. Shekara 15 yana zaune kusa da hannun nan bai lura ba. Ya tsayar da hoton, ya buɗe kaye, ya raba darasin biyu.