Tsara Fitowa Kafin Rubuta Fim

A Zangon Lome, kowane dattijo yana da nasa labarin shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, aka mai da jama'a can arewacin birni, wajen Agoè. Labarin nan nake son mayarwa fim, amma har yau ban rubuta maganar ɗan wasa ko ɗaya ba. Tsara fitowa nake yi.

Kowace fitowa da takardarta: ina ne, wa ke ciki, me yake nema, me ya sauya kafin a tashi. Wadda ba abin da ya sauya a cikinta, sai in ajiye ta gefe. A fitowa ta 9, maigida ya ƙi kwashe kaya don fatake sun bar masa amanar kuɗin shanu. Ke nan tilas mai kallo ya ga ranar da aka damƙa masa amanar tun a fitowa ta 3. In na jera takardun a tabarma, nan take giɓi yake bayyana.

Babban dalilina kuwa dattawa ne, ga shi kullum raguwa suke. Kakata ba za ta zauna sauraron shafi ɗari ba, amma jerin fitowa tana bi tiryan-tiryan, har ta tare ni: "Ɗan nan, ina matan? Su suka ɗauki tukwane." Sai in ƙara takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.