Palanto mai tsohon labari

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a banki ranar da albashi ya sauka ya san wani abin takaici: gishe huɗu a buɗe, uku ma'aikatansu na hamma, na huɗu kuwa mutane sun yi masa cincirindo har bakin titi. Ma'aikata sun isa, kujeru sun isa, rabon mutanen ne ya karkace. Wannan ciwo bai tsaya ga bankuna ba. Ya bi ɗan Adam har cikin na'urori masu ƙwaƙwalwa, inda muke zaton lissafi ya kashe duk wata gardama, kuma a kansa nake son mu ɗan zanta a wannan mako.

A shekarar 1972 wasu injiniyoyi biyar da suka bar kamfanin IBM suka kafa nasu a Jamus, suka sa masa suna SAP. Cibiyarsa tana garin Waldorf. Sana'arsu ita ce ƙera manhajar da babban kamfani zai zuba dukan harkokinsa a ciki: kuɗin shiga da na fita, kayan da ke magaza, albashin ma'aikata, faktir ɗin masu saye. A 1992 suka fito da tsarin R/3, wanda ya raba aikin hawa uku. A ƙasa akwai rumbun bayanai guda ɗaya. A sama akwai ordinater ɗin da ke gaban kowane ma'aikaci. A tsakiya kuma akwai manyan na'urorin da ke yin ainihin aikin, waɗanda ake kira sarber, mu kuwa bari mu ce musu na'urorin hidima. Idan ma'aikata suka yi yawa sai a ƙaro wata. S/4HANA da ya fito a 2015 ya canza rumbun, amma wannan hawa na tsakiya yana nan.

To, da safe ma'aikaci ya zauna, ya nemi shiga. Wace na'ura za ta karɓe shi? A nan ne wani ɗan tsari da ake kira sarber na saƙo yake shigowa. Ni dai palanto nake ce masa, domin aikinsu ɗaya da dattijon nan na bakin ƙofar biro mai cewa: «Kai, bi nan, ƙofa ta biyu.» Mai kula da tsarin yakan buɗe wani shafi mai suna SMLG ya haɗa na'urorin rukuni-rukuni. Ma'aikaci ya zaɓi rukuni, palanto ya zaɓa masa na'ura. Abu biyu ake dubawa: mutum nawa ne ke kan kowace na'ura, da kuma tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta ba da amsa. Wadda ta fi sauƙin kaya, ita ake nuna wa mai shigowa.

A takarda babu abin kushewa. Sai dai palanton nan sau ɗaya yake magana. Da zarar ya tura ka, can za ka zauna har ka tashi, domin duk abin da ka buɗe, da inda ka tsaya, suna cikin ƙwaƙwalwar wannan na'ura. Ko ta cika ta batse da hantsi, maƙwabciyarta na zaune babu kowa, ba mai ɗaukar ka ya mai da kai can. Hukuncin ƙarfe 8 shi ke binka har la'asar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin da palanto yake dogara da shi. Ba ya leƙa ɗakunan kowane lokaci. A yadda aka saba tsarawa, duk minti 5 ake sabunta lissafin nauyin na'urorin, ko bayan mutum biyar sun shiga. Da azahar wannan ba komai ba ne, masu shigowa ɗaiɗai ne. Amma a ce ranar Litinin ce, ma'aikata 300 sun zauna kusan lokaci guda. Su dai sun shiga, ba su fara aiki mai nauyi ba, wasu ma gaisuwa suke yi da tambayar iyali. Saurin amsar da palanto yake gani na ɗakin da babu kowa ne. Na'urar da ta fi kyau a idonsa za ta yi ta karɓar baƙi, kuma sai bayan rabin awa, lokacin da kowa ya duƙufa, nauyin gaskiya zai bayyana. A lokacin an riga an rufe ƙofa.

Masana lissafi sun san wannan tarko. Wani Ba'amurke, Michael Mitzenmacher, ya yi nazari a kansa a shekarun 1990, ya nuna cewa idan labari ya tsufa, tura kowa zuwa layin da aka ce ya fi gajarta yakan haifar da tururuwa irin ta garke: kowa ya ruga wuri ɗaya, wurin ya cika, sabon labari ya zo, kowa ya ruga wani. Har ta kan kai rabo da ka, ido rufe, ya fi wannan wayo amfani. Maganin da ya yi fice da shi a kundin digirinsa na 1996 a jami'ar Barkele yana da ban mamaki don sauƙinsa: a ɗauki layi biyu da ka, a tura mutum wanda ya fi gajarta a cikinsu. Direbobin tasharmu sun san rabin wannan karatu. A ce fasinja sun taru a wani ƙauye, mota biyar su tashi tare, huɗu su dawo fanko.

Me ya sa ɗan karkacewar rabo yake zama babbar wahala? A lisse an koya mana cewa idan ka ninka sababi, sakamako ma ya ninka, amma layi ba ya bin wannan doka. Tun 1909 injiniyan kamfanin tarho na Kopanhagen, Agner Erlang, ya aza tubalin lissafin jira. A misali mafi sauƙi na wannan ilimi, gishe ɗaya da ke aiki rabin lokacinsa yakan riƙe mutum ninki 2 na lokacin hidimar kanta. Idan aikinsa ya kai kashi 90 cikin 100, ninki 10 ne. Ke nan na'urar da aka ɗora wa ɗan ƙari ba ɗan jinkiri take yi ba, durƙushewa take yi. Kuma cikin kowace na'urar hidima akwai ƙananan gishe ƙidayayyu. Duk sanda ma'aikaci ya danna maɓalli, buƙatarsa takan jira ɗaya ya samu sarari.

Wani abokina da muka yi lisse tare a Damagaram yana kula da irin waɗannan na'urori a wani kamfanin sufuri a gaɓar teku. Shi ya fahimtar da ni cewa ƙidayar kawuna yaudara ce. Sakatare ashirin masu duba takarda ɗaya-ɗaya ba su kai nauyin kwantabul guda da ke rufe lissafin wata ba. A idon mai ƙidaya, ɗaki mai mutum ashirin ya fi cika. A gaskiya ɗakin kwantabul ne ke nishi. Kuma jinkirin ba ya tsayawa a fuskar allo. Takardar fitar da kaya ba ta fito ba, kamiyo yana tsaye a bakin magaza, direba da yaransa suna zaune a inuwa, mai kaya a Maraɗi yana ta buga waya. Ba ɗayansu da ya san akwai wani abu wai shi SMLG.

Akwai masu raba rukunin bisa sashe: ƴan kuɗi nasu, ƴan sayarwa nasu. Hujjarsu mai ƙarfi ce, don kowace na'ura tana aje abin da aka fi nema kusa da hannu, kuma masu aiki iri ɗaya abu iri ɗaya suke nema. Ni dai ina ganin idan aka matsa wannan rabo sai ya koma wariya. Ƙarshen wata ɗakin ƴan kuɗi ya toshe, na ƴan sayarwa yana shan iska, palanto kuwa an ɗaure masa hannu, ba ya iya tura kowa ƙetare. Ana iya sa wa kowace na'ura iyakar mutane, amma iyakar gargaɗi ce kawai: in duka sun wuce ta, ba a korar kowa, a haka za a cusa shi.

Sai kuma ƴan alfarma, waɗanda ba a rasa su ko'ina. Tsarin yana barin mutum ya rubuta adireshin na'ura guda ya shige kai tsaye, ba tare da ya gai da palanto ba. Wani ya ji an ce na'ura ta 2 ta fi sauri, ya raɗa wa maƙwabcinsa, kafin mako ya ƙare sashe guda ya ƙaura can, saurin ya tafi. Ranar da ta lalace kuwa su ne ke fara kuka, domin masu bin rukuni sai su sake shiga a tura su wata, su kuwa suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba mai buɗewa.

Abokin nawa ya ce hatta gyara da haƙuri ake yin sa. In za a kashe na'ura, sai a fara cire ta daga rukuni don kada a turo sababbi, sa'an nan a zauna jiran na ciki su fita da kansu. Kullum akwai mutum guda da ya tafi cin abinci ya bar shafinsa a buɗe. Don irinsa aka sa wani agogo mai fitar da wanda ya daɗe bai taɓa komai ba, kuma abin da bai adana ba ya tafi ke nan.