Sèmè-Kpodji: inda ƙaramin kifi ke ciyar da babban gari

Wanda ya bar Zongon Kwatano ya nufi gabas, kan hanyar iyakar Najeriya, zai ratsa Sèmè-Kpodji, ƙasa mai rairayi da itatuwan kwakwa, teku a damansa. Da muka sauka bakin ruwa da hantsi, mun tarar da masunta sun yi layi suna jan taru da waƙa, mata na jira da manyan kwanoni. Yawancin abin da tarun ya fitar ƙananan kifaye ne masu ƙyalli kamar azurfa, wato sadin da ɗan'uwansa bonga.

Mai karatu, kada ƙanƙantarsu ta sa ka raina su. Abincinsu ƙananan halittu ne da ke yawo cikin ruwa, waɗanda suke tacewa da matatar da ke cikin maƙogwaronsu. Garke-garke suke tafiya, shi ya sa jefa taru ɗaya kan cika kwale-kwale. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku ɗauke da abinci, musamman a gaɓar Gana, sai sadin ya yawaita. Shi kuwa bonga yana jure ruwa mai ƙarancin gishiri, don haka yakan shiga tafkin Nokoué ta mashigin da Faransawa suka haƙa a Kwatano a 1885.

Kifi ne mai maiƙo, ba ya kwana ɗanye. Mata kan kyafe shi a ranar, ya zama banda, ya kama hanyar kasuwanni har arewa. A gidan da nama ya gagara, shi ke gyara miya, ƙashinsa mai laushi kuma yana gina ƙashin yara.

To amma rijiya ma takan ƙafe. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba. A Muritaniya, Senegal da Gambiya masana'antu suna niƙe sadin ya zama abincin dabbobi da kifin kiwo na ƙasashen waje. Kilo 1 na garin yana cin kilo 4 zuwa 5 na ɗanye. Raguwar kifin ce ta sa Gana ta hana masu kwale-kwale fita teku na wata guda a 2019.

Uwargida ma tana da abin yi. In kika ga tulin 'yan mitsi-mitsin sadin a kasuwa, ki tuna miyar baɗi ce ake sayarwa bana, ki zaɓi wanda ya girma.