Jiran da Ba Tsayuwa Ba

Ina rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji a nan Dapoya, cikin Wagadugu, kuma rabin aikin jira ne. Mai saye zai biya ta Orange Money ko Moov Money, manhaja ta tura buƙata, sai a saurara har ya tabbatar da biyan a wayarsa. Wani daƙiƙa biyar ya gama, wani sai ya yi minti biyu yana laluben lambar sirrinsa.

JavaScript abu guda yake yi a lokaci guda. Da zai tsaya cak yana jiran amsa, da allo ya daskare, ka danna ko'ina ba motsi. Don haka ba ya tsayawa. Kamar mai shayin bakin titi ne: ya ɗora ruwa, ya fasa ƙwai, ya yanka burodi, ya ba da canji, sai ruwa ya tafasa ya waiwayo.

Da ka tura buƙata, abin da ake miƙo maka nan take alkawari ne, wanda harshen ke kira Promise tun 2015: ko ya cika ko ya karye. A 2017 aka ƙaro async da await. Kalmar await tana ruɗa masu koyo, suna zaton duk manhajar ce ke tsayawa. A'a, aikin da aka rubuta ta a cikinsa kaɗai ake jinginewa, a sa alama inda aka kwana, injin ya tafi wata hidimar. Amsa na isowa, sai a dawo daidai layin a ɗora.

Abin da ya fi damuna shi ne alkawarin da bai cika ba kuma bai karye ba. Cajin wayar mai saye ya ƙare, ko layi ya yanke, await kuwa ba shi da agogo, zai yi ta jira. Ni ne zan yanka masa wa'adi. Kuma cikar wa'adi ba ta nufin kuɗi ba su fita ba. Wataƙila sun fita, saƙon ne bai iso ba. In manhaja ta sake turawa kai tsaye, an cire wa mai sayar da goro sefa dubu goma sau biyu, kuma a unguwa ɗaya muke sallah. Shi ya sa kowane ciniki nake ba shi lambarsa, kafin a sake turawa sai an tambaya da lambar nan ko an riga an biya.